Beetle ko Peugeot 504: Yadda Ake Auna Tsohuwar Mota Kafin a Biya Kuɗinta

Mai neman tsohuwar mota, irin wadda ta haura shekara arba'in kuma ake sha'awarta saboda tsufan nata, yakan fara lissafi daga girman jiki. A ganinsa ƙarama ba ta shan mai, ba ta cin wuri, gyaranta ba zai yi nauyi ba, babba kuwa sai mai hali. Ga motocin da suka fito shekaran jiya wannan lissafi yana da ƙamshin gaskiya. Ga motar da aka ƙera tun kafin a haifi mai sayenta, yana iya kai mutum ya baro, domin nauyin tsohuwar mota a aljihu ba ya bin tsawonta. Abu uku yake bi: yadda tsatsa da lodi suka bar jikinta, yadda injinta yake nuna ya galabaita kafin ya buga, da kuma ko akwai hannun da ya san ta a garin da za ta zauna. Da waɗannan ake auna ƙarama da babba, maganar fetur kuma ta zo daga baya. Zan bi wannan awo da motoci biyu da ƙasar nan ta sani ciki da bai, Volkswagen Beetle da Peugeot 504.

A shekarar 1975 aka fara haɗa dukkansu biyu a Nijeriya, Beetle a masana'antar Volkswagen da ke Ojo a kan hanyar Badagry a Legas, 504 kuma a masana'antar Peugeot ta PAN da ke Kakuri a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shiga hannun ma'aikata, gwamnati kuma tana ba da bashin sayen mota. Ƙaramin ma'aikaci da malamin makaranta suka rungumi Beetle, manyan ma'aikata da ofisoshin gwamnati da direbobin haya suka kama Fijo. Sai dai ba sa'o'in juna ba ne. Beetle ƙirar Ferdinand Porsche ce ta shekarun 1930 a Jamus, aka yi ta ƙera ta har 30 ga Yulin 2003 da ta ƙarshe ta fito a garin Puebla na Meziko, bayan an ƙera fiye da miliyan 21. Ita kuwa 504 a 1968 ta fito a Faransa, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Shekara talatin ke tsakanin tunanin da ya haifi ɗaya da wanda ya haifi ɗayar, kuma wannan tazara ta fi bambancin girmansu tasiri ga wanda zai riƙe sitiyari.

Kafin a je kallon kowace mota, mutum ya zauna ya gaya wa kansa gaskiyar aikin da za ta yi. Tsawon Beetle mita 4 ne da 'yan kai, nauyinta kimanin kilo 800. Salun ɗin 504 ta kusa mita 4 da rabi, nauyinta kimanin kilo 1,200, wagon ɗinta mai layi uku na kujeru ta kai mita 4.8. Wato tsakanin Beetle da salun ko rabin mita babu, saboda haka garejin da ya ɗauki ɗaya da wuya ya gaza ɗaukar ɗayar. A ciki ne bambancin yake. But ɗin Beetle a gaba yake, kuma tankin mai da tayar ko-ta-kwana sun cinye rabinsa. Kujerar baya ta yara ce ko manya biyu masu haƙuri. Injinta, daga 1200 zuwa 1600, ƙarfinsa tsakanin doki 34 ne zuwa 50, alhali injin 504 mai lita biyu ya haura doki 90. Wanda burinsa zagayen cikin gari ne da yamma, ko kai ango ɗaurin aure, ko fita ranar Sallah, doki 40 sun ishe shi. Wanda yake hango kansa da iyali da kaya a hanyar Kaduna zuwa Kano, yana neman wuce tirela kafin wata ta ɓullo, ya riga ya zaɓi 504 ko bai sani ba, kuma babu kyan fentin da zai sa Beetle ta yi masa wannan aiki cikin kwanciyar hankali.

Daga nan sai jiki, kuma nan ya kamata a ɓata mafi yawan lokaci, domin inji da giya ana sauke su a ɗora wasu, amma jikin da ya ruɓe yana cin kuɗi ba tare da ya ƙoshi ba. A tafi da tocila, da sukudireba, da ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin tsumma don kada ya karce fenti. Da rana tsaka ake dubawa, a kan rami ko a ɗage motar, kuma kada a yarda da kallon motar da aka wanke yanzu tana ɗigar ruwa, domin jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye lanƙwasa. Ana bin maganaɗisun a ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi: inda ya manne ƙarfe ne, inda ya zame fila ce aka cusa aka shafe da fenti. A Beetle, jikin ɗaure yake da kusoshi a kan shimfiɗaɗɗen shasi, kuma wurin da ya fi komai muhimmanci shi ne dogon bututun da ke ƙarƙashin ƙofofi hagu da dama, wanda aka yi don ya kai iska mai ɗumi gaba amma kuma shi ke riƙe jikin. A soka sukudireba a bayan matakin ƙofa da wurin sa jak. Idan ƙarfen ya lotsa ko ya zubo da gari ja, aikin walda mai yawa yana jira. Sai a ɗaga kujerar baya. A nan batir yake, kuma ruwan batir da ya yi shekaru yana tsiyaya yakan huda daɓen har a hango ƙasa. Ramin tayar ko-ta-kwana da kan shasi inda ƙafafun gaba suke ɗaure, su ma a haska su.

Ita 504 ba ta da shasi daban, jikin shi ne shasin, kuma wannan ya sa hukuncinta ya fi tsauri. Daɓen Beetle ana sayar da sabonsa har yau, a yanke tsohon a liƙa sabo. Idan ƙashin 504 ya karkace, babu abin da za a kwance a maye gurbinsa, sai dai a yi ta ja da dukan guduma, kuma motar da ta bi ta wannan hanya ba ta sake tafiya miƙe. A buɗe bonet a duba kan shakazoba na gaba hagu da dama, inda nauyin motar ya taru, ko akwai tsagewa ko tabon walda. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a duba daɓen but, da ƙasan gilashin gaba inda ruwa ke kwanciya, da wurin da ƙafafun baya suke manne da jiki. Sannan a buɗe kowace ƙofa a rufe: wadda sai an ɗaga ta kafin ta shiga, ko tazararta da jiki ta fi faɗi a sama fiye da ƙasa, tana ba da labarin lodi ko haɗari. A nan ne yawan 504 a Arewa, wanda shi ne falalarta, ya zama tarkonta. Akasarin wagon sun yi shekaru suna haya tsakanin Kano da Jos da Maiduguri da Sakkwato, an ƙara musu sifirin, an ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Sabon fenti ba ya goge wannan tarihi. Salun da ta zauna a gida ɗaya, fentinta ya koɗe amma na asali ne, ta fi wagon mai sheƙi daraja nesa ba kusa ba. A kuma tambayi garin da motar ta yi rayuwarta, domin busasshiyar iskar Katsina ko Damagaram tana adana ƙarfe, danshin Legas da Fatakwal kuwa yana cinye shi ta ƙasa.

Awo na biyu shi ne inji. Ana yawan cewa Beetle ce ta dace da ƙasa mai zafi, tunda iska ke sanyaya injinta: babu lagireto da zai yoyo, babu tiyo da zai fashe, babu ruwan da zai tafasa. Rabin maganar gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba ce, don abubuwan da za su lalace sun ragu. Ragowar rabin shi ne iskar ba ta zuwa da kanta. Fanka ce a bayan injin take tura ta, wasu kwanukan ƙarfe da suka lulluɓe silinda su bi da ita inda ake so, wata roba kuma da ta zagaye injin ta raba iska mai sanyi ta sama da mai zafi ta ƙasa. Idan kwano ɗaya ya ɓata, ko robar ta zagwanye, injin zai riƙa shaƙar zafin da ya fitar. A motar da ta ratsa hannun kanikawa goma, da wuya a tarar da kwanukan nan cikakku, domin duk wanda ya sauke inji ya ga mayar da su wahala ne sai ya jefar. Ƙari a kan haka, baƙin man da injin yake ɗauka lita biyu da rabi ne kacal, babu filta sai rariya a ƙasa mai noti shida, kuma man yana cikin abin da ke ɗebe zafi. Idan yana tsiyaya ya jiƙa fikafikan silinda, ƙurar hunturu ta manne a kai, an toshe hanyar sanyi ke nan. Fambel guda ke juya janareta da fanka tare, saboda haka jar fitila idan ta kama ana tafiya, wajibi ne a tsaya nan take. Kilomita kaɗan ba fanka sun isa su gama da injin.

Abin da ya fi damuna da Beetle a hannun wanda bai san ta ba shi ne ba ta da allurar zafi. 504 idan ta ji jiki allura ta hau, tururi ya tashi, direba ya gani ya faka. Beetle kuwa kamar mutum ce mai zurfin ciki, wanda ba ya cewa ba shi da lafiya sai an gan shi a ƙasa. A tsofaffin injuna silinda ta uku ce ta fi shan zafi, saboda na'urar sanyaya mai tana tare mata iska, abin da kamfanin ya gyara wajen 1971 da ya matsar da na'urar gefe. Bawul ɗin hayaƙi na wannan silinda shi ne yakan miƙe a hankali, ya matse, ya ƙone, wata rana kansa ya ɓalle ya faɗa kan fistin. Maganin abu ne mai araha: duk kilomita 5,000 a yi juye, a wanke rariya, a saita bawul a kan milimita 0.15 da fila geji, kuma sai injin ya yi sanyi ƙalau, wato da safe kafin a tayar. Aikin sa'a guda ne. Amma aiki ne da ba ya karɓar uzuri, kuma wanda ya saba da motar zamani da ake mantawa da ita wata shida ba zai ga alamar komai ba sai ranar da ya ji ƙara. Wajen saye, a kashe injin a kama babban fuli na ƙasa da hannu biyu, a tura a jawo. Motsin da aka yarda da shi ido ba ya ganinsa. Idan ya yi ƙwas ana ji, cikin injin ya cinye. Bayan zagayen gwaji na rabin sa'a, a zaro sandar awon mai: idan ba ta riƙuwa a hannu don zafi, injin yana aiki cikin wahala.

Injin 504 yana da nasa rauni, sai dai yana bayyana shi. Bulok ɗin baƙin ƙarfe ne, tof silinda alminiyom, silif kuma a tsome suke cikin ruwan sanyaya inji, kowane da hatiminsa a gindi. Zafi ɗaya mai tsanani yana iya lanƙwasa tof, ya ƙona gaskit, ruwa ya haɗu da mai. Shaidar tana nan ga mai dubawa. Tun injin yana da sanyi a buɗe murfin lagireto: ruwa ja mai tsatsa yana nufin shekaru ana zuba ruwan rijiya zalla, maiƙo a sama yana nufin mai ya ratso. A tayar a bar murfin a buɗe, idan kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa gaskit ya tafi. A duba cikin murfin baƙin mai ko akwai farin kitse, a duba salansa ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya ɗumama. Za a tarar da yawa an cire musu tamostat an haɗa fanka kai tsaye, wanda sau da yawa dabara ce ta rufe lagireton da ya toshe. Daɗin abin shi ne gyaran sananne ne: sabon silif da fistin da ringi a saiti ɗaya suke zuwa, ba sai an kai bulok gurin gura ba. Sharaɗi guda, idan an cire tof a danne silif kafin a juya karanshaf, in ba haka ba za su ɗaga hatimin gindi ya saki, a haɗa inji ruwa ya ci gaba da sauka cikin mai. Bakaniken da ya san wannan ba tare da an gaya masa ba shi ake nema.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a zagaya layi. A Beetle nauyi a baya yake, gaba sakayau, don haka iskar babbar mota idan ta wuce takan ture ta, kuma ƙafafun bayanta na tsohon tsari ba sa son a saki totur farat ɗaya a tsakiyar kwana. Iskar taya tana da hannu sosai a nan: gaba kimanin 18 take so, baya kimanin 27, alhali mai faci idan ba a tsaya a kansa ba zai dura arba'in a duka huɗun, motar ta koma rawa a titi a ɗora wa sitiyari laifi. A saurari giya ko tana fita da kanta idan an saki totur, a taka birki a ga ko tana ja gefe, tunda galibinsu ganga ce a ƙafa huɗu kuma da hannu ake saita ta. A 504 kuwa a nemi hanya mai gargada da gangan, don a nan sunanta ya fito. Ba banza ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 ba. Lafiyayyiya tana haɗiye rami ba tare da ƙara ba. Ƙwanƙwasa daga gaba shakazoba ne ko buhunan roba, kuka daga baya da ke ƙaruwa da gudu aksul ne. A leƙa ƙasa a san irin ƙafar bayan, domin wasu salun kowace taya da 'yancinta kuma birkinsu faifai ne, wagon da a-kori-kura da wasu salun kuwa aksul guda ne miƙaƙƙe, kayansu ba sa shiga na juna.

Awo na uku shi ne hannu da kaya, kuma nan ne motocin biyu suka yi hannun riga. Kusan kowane sashe na Beetle, daga robar gilashi zuwa cikakken inji, ana ƙera sabonsa har yanzu a Birazil da Turai da Amurka, saboda masu sha'awarta a duniya ba sa ƙirguwa. Amma kayan suna ƙetare, da dala ake sayensu, sai an jira, kuma kanikawan da suka koyi injin iska a shekarun 1970 da 1980 sun manyanta, yaransu sun koma kan Toyota da Honda. Ita 504 kayanta na hannu suna Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, kuma da wuya a rasa dattijon da ya yi rayuwarsa a kanta a kowane babban gari daga Zariya har Maraɗi. Abin da ke ƙaranci shi ne kayan ado da na jiki, fitilu na asali, dashbod marar tsagewa, ƙarafan gefe, domin 'yan gwangwan suna yanka matattun motoci su sayar a kan sikeli. Saboda haka a nemi bakanike kafin a nemi mota, a tafi da shi wajen dubawa, a biya shi ladansa daban don kada ya haɗa baki da dillali. Gwada shi ba wuya. A nuna masa gurbin kwanon da ya ɓata a injin Beetle. Idan ya ce, “Alhaji, ai wannan ba ya aikin komai,” a yi masa godiya a nemi wani. Wanda babu irin wannan hannu a garinsa, kuma ba ya da niyyar koyon riƙe sifana da kansa, Beetle za ta fi zama a ƙarƙashin tamfol fiye da kan titi.

Za a ce duk wannan an ji, amma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 wa zai ɗauki mota mai inji lita biyu ya bar mai 1300? Tambaya ce mai nauyi, sai dai a yi lissafin a ga. Beetle mai lafiya tana shan kimanin lita 8 zuwa 10 a kilomita 100, 504 kimanin 10 zuwa 13. Bambancin lita biyu ne zuwa uku. Motar sha'awa ba ta zuwa ofis kullum. Idan ta yi kilomita 3,000 a shekara ta yi ƙoƙari, wato ratar ba ta wuce lita 60 zuwa 90 ba, abin da bai cika tankin 504 sau biyu ba. Sauke inji sau ɗaya, ko waldar daɓe, ko saitin taya huɗu, ya haɗiye wannan rata ta shekaru. Kafireton da ya cinye ko kwantak da ba a saita ba sun fi girman inji ƙara shan mai, har a tarar da Beetle marar kulawa tana shan abin da ya wuce na 504 mai kulawa. Wanda kuwa zai hau motar kullum don neman abinci, lissafin fetur ya shafe shi da gaske, amma shi shawararsa daban ce, don ba ɗaya daga cikin biyun nan da ta kamace shi.

Hujja mafi ƙarfi da masu son Beetle suke da ita ita ce daraja. Gaskiya ne tana da kasuwa a ko'ina a duniya, kuma tsofaffin ƙira na Jamus, musamman masu ƙaramin gilashin baya na shekarun 1950, suna tsada ƙwarai. Amma galibin waɗanda ke hannunmu haɗin Legas ne na ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1980, irin da aka ƙera da yawan gaske, kuma mai saye na waje yana neman asali: inji na ainihi, kujeru na ainihi, takardu a jere. Kuɗin da za a kashe a mayar da ruɓaɓɓiya sabuwa kusan kullum ya fi abin da za a sayar da ita. Haka yake ga 504, in ban da ƙirar ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda ba a Kaduna aka haɗa su ba. Ina ganin wanda ya shiga wannan harka da niyyar riba ya fara da ƙafar hagu. Abin da ya dace ya nema shi ne motar da ba za ta cinye shi ba, kuma hanyar samunta ɗaya ce ga ƙarama da babba: a sayi mafi lafiyar jiki da aljihu zai iya, ko da kuɗinta ya ninka na wadda ke kusa da ita. Lafiyayyar Beetle ta fi gajiyayyar 504 ko ga mai iyali, kamar yadda lafiyayyar 504 ta fi Beetle mai hudajjen daɓe ko ga mai zagayen gari.

Akwai maganar da ba ta da daɗi amma tilas a faɗe ta. Babu jakar iska a ɗayansu, babu birkin da ke hana taya kullewa, wasu ko bel babu. 504 ta fi nauyi, ta fi birki, gabanta ya fi tsawo, don haka ta fi ba da kariya, amma ba ta kai ƙaramar motar zamani ba. A Beetle tankin mai yana gaban gwiwar direba, tsakaninsa da abin da zai buga kuma tayar ko-ta-kwana ce da siririn ƙarfe. Duk wadda aka saya a sa mata bel mai kyau a ɗaure shi a ƙarfe mai lafiya, a rage tafiyar dare tunda fitilunsu ba su kai na yanzu ba, yara kuma a baya.

Takardu su ne na ƙarshe kafin kuɗi ya fita. Lambar shasin Beetle tana buge a kan tudun tsakiya a ƙarƙashin kujerar baya, ta 504 tana kan farantin da ke cikin ɗakin inji. A karanta da ido a gwada da abin da ke rubuce, harafi da harafi. Da yawa daga cikin motocin nan na gado ne, sun yi shekaru a zaure ko bayan gida tun rasuwar mai su, kuma wanda ya kawo makulli ba lallai shi kaɗai ke da haƙƙi ba. A tabbatar an raba gado ko magada duk sun yarda, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a yi canjin mallaka a hukumance.

Idan motar ta iso gida, fenti ya jira. Roba ita ce shekaru suka fi ci, ko motar ba ta motsa ba, saboda haka a fara da tiyon birki da ruwan birki, da tayoyi ko da zanensu bai goge ba, da fambel, a 504 kuma da tiyon lagireto duka. A wanke tanki, don fetur da ya kwana shekaru yana zama danƙo ya toshe kafireto. A Beetle akwai aiki ɗaya da ya riga kowane: tiyon fetur da ke ratsa ɗakin inji yana wucewa kusa da kwayil da wayoyin fulogi, idan ya tsage ko bakinsa ya zame daga kafireto mai zai zuba kan inji mai zafi, kuma ƙwaryar injin da magnesiyam aka yi ta, wanda idan ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. A sa sabon tiyo, a ɗaure kowane baki da kilif, a rufe kan batir don kada sifirin kujerar baya ya taɓa shi idan an zauna, a ajiye abin kashe gobara inda hannun direba zai kai, sannan a fara fita da ita gajeriyar tafiya ana tsayawa ana duba mai.